Shekarar da Anka Ce Gawonmu Ya Mutu

Aikin farko da Baba Nomau ya sa ni shi ne tankaɗen ƙasa. Ba shuka ba, ba ban ruwa ba. Ya miƙo mani rariyar waya mai bakin katako, ya nuna mani tulin ƙasar fadama da tulin rairayi da tulin takin awaki, ya ce in gauraya, in tankaɗe, in cika baƙar leda. Wata biyu na yi a kan wannan. In na jera leda ɗari sai ya bi layi da sandarsa shina dannawa. Wadda ta lotsa ya zazzage ta. Wadda ta yi tauri kamar bulo ya zazzage ta. Ba zagi, ba yabo. "Sake," ita ce maganarsa duka. Tsohon leburan gandun daji ne da ya aje aiki ya kafa 'yar rumfarsa bakin rijiya a ƙauyenmu na yankin Kurawa. Ni kuwa lokacin ina da 'ya'ya huɗu, itacen girki nake sayarwa, kuma kowace shekara sai na ƙara nisa cikin daji kafin in cika kai guda. Na ga in ban koyi tada itace ba, wata rana za ni fita in dawo da igiya kawai.

Na fara da wannan ne saboda ku da kunka zo mani makon jiya da takardar horon kwana uku, kuna cewa, "Inna Kulu, ba mu wuri mu buɗe gidan renon dashe, ai ƙasa ce da leda da ruwa." To ku zauna. Shekara talatin ke nan ina cikin ƙasa da leda da ruwan. Boko ban yi ba sai da na haura arba'in, a ajin yaƙi da jahilci na Sabon Birni, ina zaune benci ɗaya da sa'o'in 'yata. Abin da za ni rubuta muku nan da hannuna ne, in kun ga kuskuren baƙi ku gyara, amma kada ku gyara mani magana.

Iri kowane da halinsa. Na dogonyaro in ya kwana biyu a buhu ya mutu, sai ɗanye. Na zogale ko jaki ya shuka zai fito. Na bagaruwa da na gawo kuwa ɓawo gare su kamar ƙashi. Ruwa za ki tafasa, ki sauke, ki bari ya huce kaɗan, sannan ki zuba irin ya kwana. In kin zuba shi tukunya na kan wuta, kin dafa wake, sai ki nemi mai da yaji. Baba Nomau ma bai yarda da ruwan zafi ba. Shi garken awaki yake tura ni da tsintsiya, in share, in tsince irin gawon da ya bi ta cikin akuya ya fito. Wannan ba ya fashi. Na yi rani uku ina tsintar iri cikin kashin awaki, matan gari na dariya, suna cewa Kulu ta samu sabuwar dawa.

Akwai aikin da ake kira ɗaga leda, shi ne ke raba mai sana'a da mai wasa. Dashe na cikin leda saiwarsa ba ta zama, tana huda ƙasan ledar ta kama ƙasa. Duk kwana goma sai ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki ɗaga, ki datse abin da ya leƙo da reza, ki sauya mata wuri. Shekarata ta biyu na yi jinyar uwata sati biyar ban ɗaga ba. Da na dawo rumfar ta yi kore shar, har na ji daɗi. Ranar da mai saye ya zo munka ɗaga, kowace leda sai ta yi ƙara, saiwa ta tsinke. Kafin a kai su garin Isa a bayan mota duk sun langaɓe. Baba Nomau ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Kore ba shi na lafiya ba." Ya koma ya zauna.

Masu saye kuma iri-iri ne. Magidanci mai son inuwar ƙofar gida zai yi ciniki kamar ransa zai fita a kan dogonyaro biyu, amma shi ne zai kewaye su da ƙaya ya ba su ruwan alwalarsa. Mata zogale suke so da lalle. 'Yan kasuwa masu shiga Nijar sukan ɗaura mangwaro da lemu a kwali bayan babur. Sai kuma manyan ranar dashen itace, masu zuwa da motoci da rumfa da mai ɗaukar hoto. Su ke saye da yawa, kuma cikinsu ba wanda ya taɓa tambayata sau nawa ake ban ruwa. Da la'asar awaki sun gama da taron.

Yanzu ga abin da takardar horonku ba ta faɗa ba.

Bayan rasuwar Baba Nomau da shekaru, rumfa ta zama tawa, ina da mata shida muna aiki. Sai ga wani kamfani na ƙasar waje. Ba za ni kira sunansa ba. Abin da sunka zo da shi shi ne: a can ƙasashensu masana'antu na zuba hayaƙi sama, hayaƙin na ƙara zafin duniya, itace kuwa na shanye shi. Don haka mu za mu tada itace a gonakinmu, su su auna abin da itacen ya shanye, su sayar wa masu hayaƙin. Mutanen gari sunka sa wa abin suna sayen iska. Filin da anka shata ya haɗa gonakin gero na gari duka, da burtalin da shanu ke bi zuwa gulbi. Noma na nan, kiwo na nan, itace kawai za a ƙara. Ni ce za ni ba da dashe.

Wakilinsu wani Bayarabe ne, Injiniya Lasisi, haifaffen Gusau, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ranar farko da ya ga zanen fuskata ya tuntsire da dariya.

"A'a! Ashe baiwata ce mai rumfar. Bagobira, wace kyanwa ta yakushe ki haka?"

Na ce, "Bawan gidanmu, durƙusa ka gai da uwar ɗakinka kafin in sai da kai in sayi leda."

Kun san wasan Gobirawa da Yarabawa, ba a fushi a cikinsa. Tun daga nan muka saba. Mutum ne mai aiki, shina shiga gona da ƙafarsa.

Takardar yarjejeniya sun kawo ta da Turanci da fassarar Hausa. A ƙofar Maigari anka karanta shafin farko, kowa ya ce madalla. Ni na roƙi ta Hausar na tafi da ita gida, na yi kwana uku ina bin ta da yatsa. A shafi na tara na ci karo da wani layi. Ya ce in mafi yawan itatuwa sunka mutu ta sakacin mutanen gari ko dabbobinsu, kamfani na da ikon kewaye filin da waya, ya hana noma da kiwo a ciki har wa'adi ya cika, don kare jarinsa. Wa'adin kuwa shekara talatin.

Na kai wa Maigari. Ya ce, "Kulu, ki bari manya su yi magana."

Na ce, "Ranka shi daɗe, manyan shafi guda sunka ji. Ni tara nik karanta."

Ya ce, "To itacenki mutuwa za shi yi?"

Nan ya kama ni. Na ce itacena ba ya mutuwa. Anka dangwala yatsa, har da nawa.

Mafi yawan abin da munka dasa gawo ne, don manomi ba ya yarda da wani itace tsakiyar geronsa sai shi. Munka kuma bar tohon tsofaffin kututturai ya tashi, ana rage rassa a bar biyu masu ƙarfi. Shekara biyar abin na tafiya. Injiniya kan zo da damina ya ƙirga, ya ci tuwo a gidana ya ce ba gishiri. Daga baya hanya ta lalace da 'yan bindiga, kamfani ya hana ma'aikatansa shigowa yankinmu. Sai sunka koma ƙirga daga sama, da hoton tauraron ɗan adam, a watan da sunka saba, tsakiyar damina.

Shekara ta shida, gero na fitar da kai, sai ga babbar mota biyu da rakiyar sojoji. Sunka sauke waya mai ƙaya nadi-nadi da turakun ƙarfe a filin makaranta. Injiniya Lasisi ya fito daga ƙaramar mota, bai yi mani wasa ba. A ƙofar Maigari ya buɗe hotuna biyu. Na bara, ɗigo-ɗigon kore ko'ina cikin gonaki. Na bana, ɗigon sun zama toka-toka. Ya ce ofishinsu na waje ya ƙirga, ya samu mafi yawan itatuwa sun bushe, an rubuta cewa dabbobi da sakaci ne. Da an cire amfanin gona za a fara kafa waya.

Wurin ya ɓarke da hayaniya. Wani ya ce a ƙone wayar. Wani ya ce Fulani ne sunka jawo mana. Ardo Buba, shugaban rugar da ke gefen burtali tun zamanin kakanninmu, shina zaune ya dogara da sandarsa.

Malamin gona na ƙaramar hukuma, Malam Sani, shi ma ya zo. Maigari ya ce masa, "Ai akwai dokar da ta hana toshe burtali. Hukuma ta hana su mana."

Malam Sani ya cire hula ya share zufa. Ya ce, "Dokar na nan, ranka shi daɗe. Amma ƙasarmu ta sa hannu kan wata yarjejeniya da ƙasarsu tun da daɗewa. Duk wanda ya kawo jari daga can, in hukumar nan ta tare masa hanya, ba kotun Isa zai je ba, ba ta Sakkwato ba. Wata kotu ce can ƙetare mai alƙalai uku. In sunka kada mu, diyyar da za a ɗora wa gwamnati ba ƙarama ba ce. Shi ya sa daga sama anka ce kowa ya janye hannu."

Na ce, "Malam, alƙalan ga uku sun taɓa ganin gawo?"

Ya mai da hularsa kai.

Na tashi na kama hannun rigar Injiniya. Mace Bagobira kaɗai ke iya yi wa Bayarabe haka a gaban sojoji ta kwana lafiya. Na ce, "Taso, bawa, in nuna maka gawar da kaz zo binnewa." Na ja shi cikin gonar da ke bayan makaranta, jama'a na biye. Munka tsaya ƙarƙashin wani gawo da ni na dasa, ya fi mutum uku tsawo, ba ganye ko ɗaya, fararen rassa sai ƙaya. Na zaro rezar ɗaga leda na kankare ɓawon. Cikin kore ne a jiƙe, har ruwa na tsattsafowa.

Na ce masa abin da kowane yaro mai kiwon awaki a Gobir ya sani. Gawo itace ne mai juya wa duniya baya. Da damina, sa'ad da kowane itace ke ado, shi yake tuɓewa, ya zubar da ganye ya zama taki, ya bar rana ta sauka kan gero. Da rani, sa'ad da kowa ya bushe, shi yake kore. Abin da ba kowa ya lura da shi ba sai mai reno shi ne, ɗan gawo ba ya fara wannan hali tun shina ƙarami. Shekarun farko yakan riƙe ganyensa da damina kamar sauran itace. Sai ranar da saiwarsa ta nutsa ta kai ruwan ƙasa, sannan ya juya. Koren da sunka gani shekara biyar na ƙuruciya ne. Tokar da sunka gani bana ita ce shaidar itacen ya kama, ba zai ƙara neman ruwan kowa ba. Sun ɗauki hoton balaga sun kira ta mutuwa.

Injiniya ya taɓa wurin da na kankare, ya shinshina yatsarsa. Ya ce, "Inna, wallahi na yarda. Amma ni ba ni na rubuta ba, kuma an riga an aika wa masu jari. Magana ta shiga hannun lauyoyi."

Na ce, "To fitar da ita."

Abin da ya iya samowa bayan sati uku shi ne wannan: tunda an yi jayayya, ƙa'ida ta ce sai an kawo mai tantancewa wanda ba na kamfani ba, ba na gwamnati ba, ya zo da kansa da rani ya ƙirga. In ya samu itatuwan da ganye, waya ta koma. In ya same su tsirara, a kafa. Anka ce zai zo da kaka ta ƙare.

Mutanen gari sunka yi murna. Ni ban yi ba, don na duba sama. Ruwa ya ɗauke mana shekarar nan tun gero bai gama cika ido ba. Ciyawa ta ƙone a tsaye. Kuma kowa ya san abin da ake yi da gawo a mugun rani: makiyayi ya hau da adda ya sassare rassa ya zubo wa shanu. Ba kisa ba ne, itacen na sake tohowa, haka ake yi tun fil azal. Amma gawon da anka sassare, in ka dube shi daga sama, da shi da matacce ɗaya ne.

Da safe na ɗauki goro na tafi ruga. Ardo Buba ya sa anka shimfiɗa mani tabarma. Munka gaisa, iyali, shanu, gajiya. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni: kada adda ta taɓa gawo sai mai tantancewa ya zo ya tafi.

Ya daɗe shina juya goron a hannu. Ya ce, "Kulu, kin san abin da kika roƙo?"

"Na sani, Ardo."

"Dauri, can da, in rani ya yi tsanani sai mu yi kudu. Yanzu dajin ba shi shiguwa, wanda yash shiga da shanu da sanda kaɗai shi ka fitowa, in ya fito. Nan munka maƙale. Kin hana mu ganyen gawo, dajinmu na sama, mi za su ci?"

Na ce 'ya'yan gawon da sunka faɗo ƙasa nasu ne duka, ba mai tsinta daga gari. Na ce za ni bi gida-gida kan kara da harawa, kada kowa ya kai kasuwa, a bar wa shanu. Na ce in waya ta hau, mu mun rasa gona, su sun rasa hanyar ruwa.

Ya ce, "Wata nawa?"

"Biyu, in Allah ya so."

"Biyu," ya ce. "Na ba ki."

Biyu ta zama uku. Anka ce ba a samu rakiyar sojoji ba. Uku ta zama huɗu. Anka ce lauyoyin kamfani da na gwamnati ba su daidaita kan wanda za a turo ba. Duk ranar kasuwa ina hawa babur in je Sabon Birni inda wayar salula ke kamawa in kira Injiniya. "Baiwata, haƙuri," yake cewa. Na ce masa haƙuri ba ya shiga bakin saniya. Karan da munka tara ya ƙare. Gawo kuwa ya yi ganye irin wanda ban taɓa gani ba, gonaki sun bushe fari fat, itatuwa na tsaye a kai kore shar, shanu na kwance ƙarƙashi ƙasusuwan baya a waje, suna ɗaga kai suna kallon abinci. Wayar na nan filin makaranta, yara na shanya riguna a kai.

Wata safiya a wata na biyar na ji ihu. An wayi gari an aske gawo uku a bakin burtali. Kafin in ɗaura zane samarin gari sun ɗauki sanduna da gatura sun nufi ruga. Na yanke ta bayan rijiya na tare su a ƙarƙashin itatuwan. Daga can nesa ina hango matasan ruga su ma sun fito sun tsaya jere. A ƙasarmu yanzu kun san abin da ke biyo bayan irin wannan tsayuwa.

Na ce, "Ba mai wucewa sai na duba saran."

Wani ya ce, "Inna, kauce, mi za ki duba? Wa ka saran gawo in ba su ba?"

Na ce, "Uwarka ma ba ta ce mani kauce. Ɗaga kanka."

Saran Bafulatani sananne ne. Adda mai kaifi, sara ɗaya a karkace, kuma ba ya taɓa kan itacen, don shina son ya dawo baɗi. Wannan kuwa gatari ne dakusasshe, an yi ta dukan reshe har ya tsage ya ɓare ɓawon uwar itacen, an kuma sare har ƙololuwa. Aikin wanda bai iya hawa ba ne. Na nuna masu. Sannan na bi jan rassan a kan rairayi, su na biye da ni, ganye na zube ɗaya-ɗaya a hanya. Sawun bai yi ruga ba. Cikin gari ya shiga, ya bi lungun masallaci, ya tsaya a ƙofar Isuhu. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Raguna huɗu yake turkawa don sallah, ga su nan bakinsu cike da ganye.

Ya fito shina cewa, "Yaya, itace ukku ne fa kawai."

Na ce, "Ukku ne. Da an kashe mutum ukku a ruga yau, kai za ka ƙirga su?"

A gaban Maigari na ce a kwance ragunan a kai wa Ardo su ci abin da shanunsa ke ci har ranar ƙirga. Anka kai. Isuhu ya yi shekara biyu bai taka gidana ba. Ardo da ya ga ragunan ya ce mani kawai, "Kulu, wata biyu kika ce." Na ce e, haka na ce. A lokacin ya riga ya yanka shanu bakwai da sunka kasa tashi.

Mai tantancewa ya iso tsakiyar bazara, wata bakwai bayan saukar waya. Wani dogon mutum ne baƙi daga wata ƙasa ta gabashin Afirka, da sojoji mota biyu da Injiniya. Ya tada ɗan jirginsa marar matuƙi ya zagaya gonaki, ya bi wasu da ƙafa shina auna kauri da igiya. Kafin azahar ya gama. Ya tambayi Injiniya sunan itacen, ya faɗa masa. Sai mutumin ya yi murmushi ya yi wata magana da Turanci.

Na ce, "Mi yac ce?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Ya ce a ƙasarsu ma akwai shi. Ya ce ai wannan hali nasa na cikin littafi, duk wanda ya karanci itace ya sani."

"Shina cikin littafinku?"

"Shina ciki."

"To wata bakwai mi anka jira?"

Ya ce, "Ƙa'ida, Inna."

Ban kira shi bawa ba ranar nan. Wasa na da lokaci.

Anka rubuta cewa itatuwa na raye. Motocin sunka kwashe wayar, amma ba nisa ta yi ba, tana wani sito a Sabon Birni har yau. Na nemi a cire layin shafi na tara, anka ce ba a taɓa shi sai masu jari sun yarda, masu jari kuwa ba a san inda za a same su ba. Abin da anka yarda kawai shi ne a mai da ƙirga rani, a kuma sanar da mu wata guda kafin nan. Da damina ta sauka kowa ya shuka gonarsa, burtali na buɗe. Saboda haka ku masu son buɗe rumfa, kamfanoni irin wannan suna ta ƙaruwa, za su zo muku da takarda. Kafin ku jefa iri ɗaya a leda ku tambaya: wa zai ƙirga, a wane wata, kuma in an yi gardama wa zai raba. In sunka ce ba aikinku ba ne, ku ce Kulu ta ce aikinku ne, ya fi ban ruwa.

Sauran abu ɗaya. Ranar ƙirgar, ƙurar motoci ba ta kwanta ba matasan ruga sunka hau itatuwa. Ko'ina sai ƙarar adda da faɗuwar rassa, shanu na rarrafowa, masu ƙarfi na ture marasa ƙarfi. Na tarar da Ardo tsaye kan wata farar saniya tsohuwa, uwar garkensa, wadda rabin shanun rugar daga tsatsonta suke. Kwana biyu tana kwance. Na jawo reshe mafi ganye na kai bakinta da hannuna. Ta shinshina. Ta lasa sau ɗaya. Ta mai da kai ƙasa.

Na ce, "Ardo, a ɗaga ta, ko da mutum shida ne."

Ya ce, "Kulu, tafi gida." Ya juya ya ce a kawo masa wuƙa.

Da la'asar ya aiko mani da rabona a ƙwarya, an rufe da faifai. Tsoka ce baƙa, ba kitse ko ɗigo. Matan rumfa sunka ce in ba wa karnuka, wa zai iya taunar wannan. Na hura wuta na dafa ta har magariba ba ta yi laushi ba. Na zauna na cinye ta ni kaɗai, don irin wannan aike ba a mayarwa, ba a kuma raba shi da kowa.